Yadda ake hutun keke da jirgin ruwa daga Bruges zuwa Amsterdam, mataki-mataki

Tsarin abun dai shine jirgin ruwa ne otal ɗinka na sati guda. Da safe ka karya a cikinsa, ma'aikata su sauko da kekuna bakin ruwa, ku bi bayan ɗan jagora kuna ratsa ƙauyuka da gonaki da tsofaffin garuruwa, shi kuma jirgin ya ɗaga ya bi ta kanal ya riga ku isa gari na gaba, da yamma ku tarar da shi a ɗaure yana jiranku, kuku ya riga ya ɗora tukunya. Akwatinka sau ɗaya zaka buɗe ta, babu ɗaukar kaya daga wannan otal zuwa wancan. Ranar da kuma ka tashi jikin ba daɗi ko aka wayi gari da ruwan sama, ba wanda zai maka dole, ka yi zamanka a jirgi ka sha shayi kana kallon hanya.

Ana yin irinsa a Faransa da Jamus da Italiya, amma cibiyar abun Holan ce da arewacin Beljiyam, kuma hanyar da tafi suna ita ce tsakanin Amsterdam ta Holan da Bruges ta Beljiyam, kwana 7 a jirgi, wuni 8 idan an haɗa da ranar shiga da ranar fita. Ita zan bi da kai. Kanal da nake ta faɗa kuwa hanyar ruwa ce da mutane suka haƙa da hannunsu, kamar dai na manoman rani a Kadawa, sai dai waɗannan an yi su da faɗi da zurfin da jirgin dakon kaya zai wuce. Kafin zuwan jirgin ƙasa dawakai ne ke jan jiragen da igiya suna tafe a gefen ruwa, layin fasinja na farko irin wannan a Holan, tsakanin Amsterdam da Haarlem, an buɗe shi tun 1632, toh waccan hanyar dawakan ce a wurare da yawa aka shimfiɗa mata kwalta ta koma hanyar keke. Shi yasa zaka yi tafiyar awa guda baka ga tudu ba.

Mataki na 1: ka zaɓi inda zaka fara, kuma ka fara daga Bruges

Kamfanonin suna sayar da tafiyar ta fuska biyu, sati guda jirgi ya tashi daga Amsterdam zuwa Bruges, sati mai zuwa ya juyo. Farashi kusan ɗaya ne, garuruwan ma kusan su ne, saboda haka yawancin mutane kwanan wata kawai suke dubawa. Ni kam ina cewa ka nemi wanda ya tashi daga Bruges. Dalili iska ce. Ƙasar nan a shimfiɗe take, babu dutse babu tudun da zai tare iskar teku, kuma mafi yawan lokaci daga kudu maso yamma take busowa, shi kuma mai tafiya daga Bruges zuwa Amsterdam arewa maso gabas ya dosa, kaga kenan iskar na bayansa tana tura shi. Wanda ya yi akasin haka zai iya wuni yana taka feda da ƙarfi keken na tafiya kamar an riƙe shi ta baya. Ba kullum bane, iska na iya juyawa ranar da ta ga dama, amma idan zaɓi na hannunka me zai sa ka ɗauki mai wuya.

Lokaci kuma daga Afrilu zuwa Oktoba ake yi. Afrilu da farkon Mayu su ne lokacin furannin tulif, lambun Keukenhof da ke Lisse a buɗe yake daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu kawai, amma fa sanyin safiya a lokacin ga wanda ya taso a Sakkwato ko Maradi ba wasa bane. Yuli da Agusta sun fi ɗumi, sun fi tsada, Bruges kuma a cike take maƙil da baƙi. Ƙarshen Mayu, Yuni, ko farkon Satumba sun fi min. Ruwan sama dai ba shi da wata, ko yaushe zai iya sauka.

Mataki na 2: jirgin da kamfanin

Mafi yawan jiragen tsofaffin jiragen dakon kaya ne, masu dogon ciki, aka gyara rumbun kayan ya koma ɗakuna. Ƙananan suna ɗaukar mutum 20 zuwa 30 da wani abu, akwai kuma manya masu ɗaukar kusan 100 ko fiye. A manyan galibi babu ɗan jagora a kan hanya, taswira ake baka da manhaja a waya a ce ka tarar da jirgi a wuri kaza kafin ƙarfe kaza. Idan karon farko ne ka ɗauki ƙarami mai jagora, kuma ka karanta da kyau ka tabbatar an rubuta cewa jagoran yana hawa keke tare da ku, don wasu jagoran bayani kawai yake da dare ya sallame ku. Ka duba yaren da za a yi amfani da shi ma, akwai satin da kusan duk fasinjan Jamusawa ne, bayanin farko da Jamusanci ake yi sannan a ɗan taƙaita da Ingilishi.

Kuɗin sati ga mutum ɗaya yawanci yana kamawa daga Yuro 1,000 da ɗoriya zuwa wajen 2,000, gwargwadon jirgi da wata. Wannan lissafin mutum biyu ne a ɗaki, in kai kaɗai ne za a ɗora maka ƙari mai kauri. Kafin ka tura ko sisi ka rubuta musu imel ka tambayi waɗannan: hayar keke na ciki ko daban ake biya, nawa ne ƙarin keke mai batir, abincin dare nawa ne a ciki (sau da yawa akwai dare ɗaya da kuku ke hutawa kowa ya ci a gari da kuɗinsa), kuɗin jirgin fito da shiga gidajen tarihi na ciki ko a'a, tagar ɗakin tana buɗuwa ko akwai AC, sannan babbar tambaya, in an hana ni biza me zaku mayar min. Wannan ta ƙarshen kar ka yarda da amsar baki ko ta waya, a rubuce kake so, saboda ƙa'idarsu ta fasa tafiya an tsara ta ne da Bature a rai wanda baya neman biza, kuma iya kusantowar ranar tafiya iya yawan abin da za a cire maka.

Mataki na 3: biza, wadda ita ce ainihin tudun tafiyar

Holan da Beljiyam duk suna cikin yankin Shengen, biza ɗaya ce ke shigar da kai duka biyun, kuma babu shingen iyaka a tsakaninsu, zaka tsallaka baka ma lura ba. Ƙa'idar ita ce ka nema a wajen ƙasar da zaka fi daɗewa a cikinta, in kwanakin sun zo daidai sai ƙasar da zaka fara shiga. Toh ka zauna da jadawalin kamfanin ka ƙirga dararen, in ka ƙara kwana 2 ko 3 a Amsterdam bayan an sauka shikenan Holan ta rinjaya babu gardama. Kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, banda na cibiyar da ke karɓar takardu. Ana son inshorar lafiya ta tafiya da ta kai Yuro 30,000, fasfo mai sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da zaka bar yankin da shafi 2 da ba a buga komai ba, bayanan asusun banki, shaidar aiki ko kasuwanci, tikitin zuwa da dawowa, da shaidar wurin kwana na kowane dare. Ka roƙi kamfanin su baka takarda mai sunanka kamar yadda yake a fasfo, da sunan jirgin da garin da zai kwana kowace rana, don jami'in da ya ga sati guda babu otal zai so ya san ina ka shiga.

Ana iya shigar da takardu tun saura wata 6. Amsa a ƙa'ida kwana 15 ce, tana iya kaiwa 45, ga kuma wahalar samun ranar ganawa kanta idan bazararsu ta gabato. Kowa ya san ana yawan hana masu fasfon ƙasashenmu, saboda haka dabarar ita ce ka biya kafin alƙalami kawai, ka shigar da biza da wuri, ta fito kafin ranar cika sauran kuɗin.

Jirgin sama kuma, dattawan Kano sun san zamanin da jirgin KLM na Holan ke sauka a garin, yanzu sai dai ka gangara Legas ka hau shi kai tsaye zuwa Schiphol, filin jirgin saman Amsterdam, kusan awa 7, daga Accra ma akwai, ko ka bi ta Alƙahira ko Addis Ababa ko Doha. Daga Schiphol zuwa Bruges a jirgin ƙasa awa 3 ne da wani abu da canji a hanya, in ka sauka Brussels kuwa ya fi kusa. Ka isa kwana ɗaya kafin ranar shiga, jirgin ruwan ba zai jira wanda jirginsa na sama ya makara ba.

Mataki na 4: ka hau keke tun a gida

Tafiyar kullum kilomita 30 zuwa 55 ce, a hankali, kamar kilomita 15 a awa, ana tsayawa shan kofi da ɗaukar hoto da cin abinci, kuma yawancin abokan tafiyar 'yan shekara 50 zuwa 70 ne, tsoho zai wuce ka yana hira. Ƙafa ba ita ce matsalar ba, mazaunai ne. Wanda rabonsa da keke tun yana sakandare, a rana ta biyu sirdi zai gaya masa gaskiya. Ka samu keke saura wata ɗaya ko biyu, ka rinƙa fita bayan asuba, ka fara da kilomita 10 kana ƙarawa har ka iya 30 yau ka sake 30 gobe. Ka sayi gajeren wando mai soso na masu keke ka sa a ƙarƙashin wandonka, ba mai gani. Idan akwai ciwon gwiwa ko shekaru sun ja, ka biya ƙarin ka karɓi mai batir tun wajen yin rajista don suna ƙarewa, yana taimaka maka har gudun kilomita 25 a awa amma sai kana taka fedar, sai dai ya fi nauyi wajen turawa. Wanda bai iya keke ba sam kar ya ce zai koya a can.

Mata kuma, kekunan Holan yawanci masu buɗaɗɗen gaba ne ba sai an ɗaga ƙafa ta baya ba, sarƙar a rufe take da murfi, da yawa kuma akwai kariya a gefen tayar baya don kar riga ta shiga. Duk da haka Hajiya ki ajiye dogon hijabi mai jan ƙasa da zani sai dare, ki sa wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa da ƙaramin hijabi da hular kwano zata zauna a kansa, iskar can tana cika babban hijabi ta rinƙa jan mutum gefe.

Mataki na 5: abinci da sallah, a gama maganar kafin a tashi

Nan ne nake son a daɗe, don jirgin ba gidan abinci bane da zaka zaɓi abin da kake so. Kuku ɗaya ne a ƙaramin kicin, yana yin sayayyar sati bisa adadin mutane, da dare abinci ɗaya ake kawo wa kowa kashi uku, miya ko ganye, babban abinci, sai kayan zaƙi. Naman alade kuwa a abincinsu ko'ina yake. Idan baka faɗa ba tun wajen rajista, ranar da aka ajiye maka faranti babu abin da kuku zai iya yi a tsakiyar kanal. Mafi sauƙi ka rubuta cewa kifi da ganye kawai kake ci, babu nama babu barasa a girki, wannan sun saba da shi sun fi gane shi akan ka ce halal su ce to su je su kawo kazar kanti. Wasu kamfanoni na cajin ɗan ƙari akan abinci na musamman. Ranar farko kuma ka je da kanka ka gaisa da kukun ka maimaita masa cikin fara'a.

Da safe ana jera burodi kala-kala, cuku, dafaffen ƙwai, yankakken nama mai sanyi, madara, 'ya'yan itace, kuma daga teburin nan kowa ke haɗa abincin ranarsa, zaka ga tsofaffi a tsaye suna shafa bota suna naɗe burodi a takarda suna cusa tuffa a jakar keke. Kai ka tsaya kan cuku da ƙwai, ka taho da yajinka a ƙaramar roba don abincin ba shi da yaji ko kaɗan. Kilishi da dambun nama kam ka bar su a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, za a ƙwace a filin jirgi. A gari kuma ka kula da abu uku a Beljiyam: soyayyen dankalinsu da ake ta yabo, shaguna da yawa da kitsen sa suke soya shi, sai ka tambaya, farfesun naman nan nasu stoofvlees da barasa ake dafa shi, cakulan ɗin Bruges ma wasu akwai barasa a cikinsu. Inda zaka huce haushi shine unguwannin Turkawa da 'yan Maroko, titin Sleepstraat a Ghent, Borgerhout a Antwerp, Lombok a Utrecht, a nan gasasshen nama halal ba ya yankewa. A jirgi akwai mashaya, mutane na shan ruwan inabi da abincin dare, wani jadawalin ma har da ziyarar masana'antar barasa, ka ce ba zaka ba, ba wanda zai ɗaga gira.

Sallah, kai matafiyi ne, ka tambayi malaminka hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kafin ka tashi don ka tafi da natsuwa. A watan Yuni rana bata faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, kafin 5 da rabi kuma ta fito, isha da asuba sun matso juna sosai, ka saukar da manhajar lokutan sallah. Alƙibla kudu maso gabas take daga can, kuma tunda jirgi kullum da yadda ake ɗaure shi, ka sake dubawa kowane dare. Ɗakin ƙarami ne, tsakanin gado da gado da ƙyar sallaya zata shimfiɗu amma tana yi, da sassafe saman jirgi ma babu kowa. Babu buta a banɗaki, robar ruwa ta isa, kuma kar ka jefa komai a masai banda takardarsa, bututun jirgi siriri ne. Jiragen da yawa Asabar zuwa Asabar suke, kaga Juma'a zata same ka kana shiga Amsterdam, in kana son jam'i ka gaya wa jagora tun daren Alhamis, akwai masallatai da yawa a garin irin su Westermoskee. Azumi a 'yan shekarun nan a lokacin sanyinsu yake faɗowa, bai shafi kakar tafiyar ba.

Kaya kuwa kar ka cika: jaka mai laushi da zata shige ƙarƙashin gado, rigar ruwa da wandonta, suwaita, safar hannu mara nauyi, takalmi rufaffe, adafta mai baki biyu zagayayyu, magungunanka. Ka riƙe kati da tsabar Yuro duka, wasu shaguna a Holan kati kawai suke karɓa, wasu kuma na'urarsu ta ƙi katin waje. Ruwan famfo ana sha.

Mataki na 6: dokar hanyar keke

Ranar farko za a baka keke mai lamba, ka daidaita tsayin sirdi, ka gwada birki da giya a bakin ruwa kafin a tashi. Makullin a jikin tayar baya yake, ɗan mukullin yana zama a ciki muddin kana tafiya, in ka kulle ya fito ka sa a aljihu, ko minti biyu zaka shiga shago ka kulle, satar keke a Amsterdam sana'a ce.

Holan kekuna sun fi mutane yawa, kuma mai keke a can ba ya wasa, hanyarsa ce ta zuwa aiki. Hannun dama ake bi kamar gida. Jar kwalta ta keke ce, kar ka tsaya a kanta kana hoto, kar ka yi tafiyar ƙafa a kanta, in zaka tsaya ka ɗaga hannu ka fita gefe gaba ɗaya. Zaka juya, ka miƙa hannu. Idan ka ga jerin fararen alamu masu kusurwa uku a ƙasa tsininsu na kallonka, kai ne zaka tsaya ka bada hanya. Mahaɗar da babu alama, wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya. Riƙe waya a hannu kana tuƙi laifi ne mai tara, Holan ta kafa dokar tun 1 ga Yulin 2019, Beljiyam ma haka. Hular kwano ba dole bace a doka, 'yan ƙasar ma basu cika sawa ba, kai dai ka sa. Abu mafi kayar da baƙi shine layin dogon tiram, ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titin cikin gari, a Ghent da Antwerp da Amsterdam, in tayarka ta bi shi a tsaye zata faɗa ramin ta maƙale, ka tsallaka shi a gicciye koyaushe. Daɓen duwatsun tsofaffin garuruwa ma in ya jiƙe santsi gare shi.

A ayari, jagora na gaba, mutum ɗaya mai riga mai ƙyalli na can ƙarshe. In an zo kwana, jagora zai nuna wanda ke bayansa ya ce tsaya nan, shi kuma ya tsaya yana nuna wa sauran hanya har sai na ƙarshen ya iso sannan ya hau ya bi. In kai aka tsayar kar ka gaji ka tafi, ko minti 10 ne ka jira, watakila wani ne tayarsa ta yi faci a baya, kana barin wurin rabin ayari sun miƙe sun ɓata. Idan kuma kai ka ɓata, hanyoyin duk a lambance suke, kowace mahaɗa da lambarta a allo mai kore da fari, kibiya na nuna lamba ta gaba. Wani injiniyan ma'adinai Hugo Bollen ne ya ƙirƙiro tsarin a lardin Limburg na Beljiyam a 1995, yanzu ya game ƙasashen biyu. Da dare jagora na bada lambobin gobe, ka rubuta su a takarda ka manna a kan keke, da lambar wayarsa da ta kyaftin. Lambar gaggawa 112.

Mataki na 7: hanyar kanta

Jadawali na ɗan bambanta, amma ga yadda ta saba. Bruges, wadda UNESCO ta sa tsakiyarta a jerin kayan tarihi a 2000, ta yi arzikinta ne da cinikin tufafin ulu daga ƙarni na 13 zuwa na 15, sai yashi ya toshe mashigin Zwin da ke haɗa ta da teku, kasuwa ta koma Antwerp, garin ya tsaya cik, talaucin da ya hana su rushe tsofaffin gidaje su gina sabbi shine yau yake kawo musu baƙi. Hasumiyar kasuwa matakala 366 ce, ka hau tun ƙafarka na da sauran ƙarfi. In akwai fita zuwa Damme kar ka bari ta wuce ka, 'yar tafiya ce a gefen kanal da Napoleon ya sa aka haƙa, dogayen bishiyoyi a jere dama da hagu duk sun ɗan karkata gefe guda saboda iska.

Daga nan Ghent, inda kogin Leie ya haɗu da Scheldt, da tsohuwar fada mai ganuwa Gravensteen ta 1180 a tsakiyar gari. Ni Ghent ta fi kwanta min akan Bruges, garin ɗalibai ne, mutane na rayuwarsu, ba duka aka mayar kantin tsaraba ba. Sai a bi Scheldt ta Dendermonde zuwa Antwerp, wasu ayarin suna shiga garin ta ramin Sint-Anna da ke ƙarƙashin kogi, mita 572, an buɗe shi a 1933, har yau matakalarsa mai tafiya da kanta ta katako ce, akwai lifta ga mai keke.

Bayan Antwerp jirgi ke ɗaukar ku ya ratsa tashar jiragen ruwa ya shiga Holan, kuma a nan zaka ga yadda ake wuce ƙofar ruwa, ka fito sama ka kalla. Jirgi ya shiga wani dogon ɗaki mara rufi tare da manyan jiragen dakon mai da kwantena, ƙofar ƙarfe ta rufe a baya, matuƙi ya zarga igiya a turken bango, sai ka ga bangon mai gansakuka yana ta sauka ko yana hawa a gefenka a hankali, shi kuma yana sassauta igiyar yana mayar da ita turke na gaba, har ruwan ciki ya daidaita da na gaba sannan ɗaya ƙofar ta buɗe. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Holan a ƙasa da matakin teku yake, kuma yankin nan na Zeeland da kewaye shi ambaliyar 1953 ta fi ci, mutum 1,836 suka rasu a ƙasar, daga nan aka shiga gina manyan madatsun da ake kira Delta. Za a kwana Tholen ko kusa, a wuce Willemstad mai ganuwa siffar tauraro, a isa Dordrecht da ta samu matsayin birni tun 1220.

Washegari Kinderdijk, injinan iska 19 da aka gina wajen 1740, aikinsu ɗebo ruwa daga gonakin da ke ƙasa su ɗaga shi zuwa kogin Lek, yanzu manyan famfuna ne ke yin aikin amma injinan na nan, wasu ma mutane na zaune a ciki. Ku isa da wuri kafin motocin baƙi. Sai Schoonhoven garin maƙeran azurfa, wasu jadawalin su ratsa Gouda mai kasuwar cuku ranar Alhamis daga Afrilu zuwa Agusta, a kwana Vianen ko Utrecht. Atamfar Holan da za a ce ka taho da ita kuwa a Helmond kamfanin Vlisco ke buga ta, ba a kan hanyar nan take ba.

Rana ta ƙarshe gefen kogin Vecht ake bi, gidajen hutun attajiran Amsterdam na ƙarni na 17 da 18 a jere da lambunansu har bakin ruwa. Suna da kyau ƙwarai, amma wani kaso na dukiyar daga cinikin bayi ya fito, kamfanin cinikinsu da ake kira West India Company ya ƙwace sansanin Elmina da ke Ghana ta yau daga hannun Fotugal a 1637, Holan ta riƙe shi har 1872, kuma sai a Yulin 2023 Sarki Willem-Alexander ya fito ya nemi gafara. Wani jagoran zai faɗa da kansa, wani sai ka tambaya, ka tambaya ɗin. Shiga Amsterdam ita ce awa mafi cunkoso a duk satin, ka matsa kusa da jagora, in kuma ka ga abun ya fi ƙarfinka ka hau jirgi a zangon ƙarshe ka shiga garin ta ruwa.

Daren ƙarshe ake biyan kuɗin abin sha da aka rubuta maka, kuma za a zagaya da ambulan na ihsani ga ma'aikata da jagora, tsabar kuɗi ake sawa, ka ware tun farko. Da safe bayan karin kumallo ake sauka, yawanci kafin ƙarfe 10 saboda sabbin baƙi na shigowa da yamma. Jiragen galibi kusa da babbar tashar jirgin ƙasa suke ɗaurewa, daga can zuwa Schiphol bai wuce minti 20 ba, kuma in zaka ƙara kwana ka sake duba adadin kwanakin da aka buga a bizar, ba ranar ƙarewarta kaɗai ba.